Motar da Ba Ta Shan Ruwa

Guci, 9 ga Nuwamba, 1975

Zuwa ga ɗana kuma ɗalibina, Dalhatu.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da maigidanka Maiwada da sauran abokan aikinka na gareji. Yaya Damagaram, yaya gajiyar aiki? Mu nan lafiya lau, an gama yankan gero, bana Allah ya rufa asiri.

Bayan haka, mun iso lafiya ni da 'yar motar da ka tayar mini. A Magariya na cika ta da man isansi, wato fetur, na biyo ta Dungas har gida, na yi ta zirga-zirgar lakwal, makarantarmu, mako guda, amma jiya da na tsoma sandar awo sai na ga da saura sosai. A wannan tsadar da ake ciki, ka yi mini zaɓi na hankali.

Dariya kam mun sha ta. A tashar Dungas direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, suka kewaye ni, wani ya tambaya ko uwarta tana tafe a baya, wani ya ce wannan ta lungunan birni ce, rairayinmu zai haɗiye ta kafin la'asar. Sau ɗaya ta kafe. Wasu manoma suka ajiye dammunansu, suka ɗaga bayanta kamar masu ɗaukar gado, suka dire ta a wuri mai tauri. Rashin nauyin da ake yi mata gori a kai shi ya fisshe mu.

'Yan ajina sun sami darasi. Na naɗe rufin tamfol ɗin, na ciro kujerar baya na zauna a kai a ƙarƙashin bishiyar bedi, na ce su faɗa mini dalilin da ya sa maƙera suka yi ta haka. Da ka ji amsoshi! Na gaya musu wanda ya gyara ta a wannan ajin ya koyi lissafi.

Yanzu maganarmu. Ban manta da fuskarka ba ranar da ka ce mini Baba Sambo ya aiko ka dawo gida bayan kaka, ka bar koyon gyaran mota ka kama shayar da 'yan shanun da fari ya bar muku. Ranar Juma'a zan je wurinsa. Kada ka ɗaure kaya tukuna. Amma ka sani, in ya ƙi, mahaifinka ne, biyayya za ka yi, ni ma ba zan koya maka wani abu ban da wannan ba.

Ka gai da Maiwada.

Malaminka,
Halilu

Guci, 23 ga Nuwamba, 1975

Zuwa ga ɗana Dalhatu.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ina fata ba ka ƙosa da jira ba. Innarka Hinda tana gaishe ka, ta ba ni ƙullin kuka da daddawa, zan aiko maka da su.

Na je. A bakin rijiya na sami Baba, shi kaɗai yana jan wasaki, shanu na jira. Dalhatu, ya rame, kuma da na ga tafin hannunsa sai duk jawabin da na shirya a hanya ya tsere mini. Ba son zuciya ya sa ya kira ka ba. Aikin ya yi masa yawa.

Ka san al'adarsa: ba a jin maganar baƙo sai an shayar da abin hawansa. Muna gama gaisawa ya ciko ƙwarya, ya zagaya motar yana neman bakinta, ya ce in nuna masa inda take sha, ai ta yi tafiya cikin rana. Na ce masa wannan ba ta shan ruwa. Ya ce, Mushe, kamar yadda ake kiran mu malaman boko, kada in yi masa kara, ruwa ba ya gagararsa ko a shekarar wahala. Da ƙyar na shawo kansa na buɗe masa gabanta, na nuna masa babu tukunyar ruwa irin ta kamiyo, iska ce kawai ke sanyaya injin. Na tayar da ita ya sa hannu ya ji iskar.

Ya janye hannunsa. Can ya ce da a ce jajayen shanunsa haka aka yi su, da yanzu suna nan. Daga nan ya shiga duba ta kamar mai sayen sa a kasuwa. Ya danna gefenta ta lotsa ta taso, ya ce kwankwasonta na da laushi. Ya ƙwanƙwasa ƙafafunta, ya ce sirara ne amma ba na rago ba. Ya tambayi abin da take ci daga nan zuwa Magariya, da na faɗa masa ya ce ko jakinsa ya fi ta haɗama.

Sannan ya tambaya ko kai ka ƙera ta. Na gaya masa gaskiya, maƙeran wata ƙasa suka yi ta don mutanen da ba su da ƙarfi. Amma na ce lokacin da na fara ganinta a garejinku kaji ke ƙwai a cikinta, kai ka kwance injin ka sake haɗa shi har ta tashi. A nan na gane ashe shi a zatonsa bin kamiyo kake yi kana ɗora kaya a tasha. Bai san jinyar motoci kake koya ba, kuma kalmarsa ce wannan.

Ranar bai ba ni amsa ba. Sai shekaranjiya, ranar kasuwa, ya zo lakwal da kansa. Ya ce ka zauna ka gama, kada ka dawo masa da rabin sana'a. Ya kira Yero, ɗan ƙanwarsa, zai riƙe shayarwar. Abin da ba zan ɓoye maka ba shi ne ladan Yero: karsanar nan da Baba ya ware maka don aurenka, ita ya ba shi. Na san za ka ji zafi. Shi ma ya ji, don bai dube ni ba da yake faɗa. Ka riƙa tunawa da ita duk ranar da ka ji kasala.

Na mai da shi gida a mota, rufi a buɗe saboda rawaninsa. Duk hanya yana riƙe da ƙofa yana ce mini in sassauta, da muka sauka kuma ya ce tuƙina na matsorata ne. Ga saƙonsa kamar yadda ya ba ni: da babbar salla ka roƙi Maiwada hutu, ka zo ka karɓi motar a hannuna. Kai yake so ka kai shi filin idi, yana zaune a gaba.

Allah ya yi maka albarka, ya sa ka gama lafiya.

Malaminka mai alfahari da kai,
Halilu