Firintocin da Suka Ƙi Shiga

Litinin, 6 ga Nuwamba

Sababbin firintoci sun iso. Ba kwamfutar da ta yarda ta karɓi direbansu, 'yar manhajar da ke haɗa su, sai an sa kalmar sirrin admin, wato mai kula da kwamfutocin. Ni kaɗai ke da ita a kamfanin nan. Na wuni hawa da sauka, daga ɗakina na ƙarƙashin ƙasa zuwa teburin kowa.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Tak Bujang-nim, shugaban sashenmu, ya tsayar da ni a gaban mutane. "Gyeong-ran-ssi, ki buɗe wa kowa ya saka da kansa mana. Yara ne mu?"

Na tuna masa haka aka yi bara, wani ya sauko da abin da ya kulle fayilolin kamfanin gaba ɗaya. Ya sani sarai. Shi ya tilasta wa Ok Seonbae, wanda ya koya mini aikin nan, ya buɗe. Da abu ya ɓaci kuma Seonbae aka kora. Yanzu kai abinci yake yi a babur.

Sai Bujang-nim ya ce, "Kwantiraginki watan gobe zai ƙare, ko?" Yana murmushi ya faɗa.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Na gwada tura direban daga babbar kwamfutarmu zuwa sauran. Kaɗan sun karɓa, yawanci sun ƙi. Ban gano dalili ba.

A ɗakin cin abinci ba wanda ya zauna kusa da ni. Miyar ta huce a gabana.

Talata, 14 ga Nuwamba

Na gaji. Wani a sashen talla yana kirana "Uwar Makulli", yana zaton ban ji.

Myeong-ja Onni ta sashen akanta ce kawai ba ta ɗaure mini fuska. Ta kusa ritaya. Ina buga kalmar sirri a kwamfutarta ta rufe ido da tafin hannu, ta ce, "Yi sauri, ni ɓarauniya ce fa." Ta ɓare mini lemo. Ta ba ni labarin mijinta da ake wa wankin ƙoda, wai yana ɓoye kimchi, kabejin nan da ake tsimawa da gishiri, a ƙarƙashin gado don likita ya hana shi gishiri. Na yi dariya har na ji kunya. Rabona da dariya a ginin nan tun kafin Seonbae ya tafi.

Alhamis, 16 ga Nuwamba

Gyara ya yi. Ashe direban tsohon samfuri ne. Na samo wanda aka hatimce daga masu firintar, na saita kwamfutoci su karɓa daga babbar tamu kawai. Kowa ya kunna, firinta na jiransa. Ban ba kowa admin ba.

Ina so in faɗa wa wani. Na duba lambar Seonbae, na fasa.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Bujang-nim ya yabe ni a taro. Bayan an watse ya ce in tsaya. Wai tunda yanzu abubuwa na tafiya da kansu, daga Janairu wani kamfanin waje zai riƙa kula da su daga nesa. "Ba laifinki ba ne," in ji shi, idonsa na kan waya.

Na rusuna na yi godiya. Godiya!

Ban gaya wa Baba ba. Yana ta maganar mu gyara tukunyar ɗumama gida kafin dusar ƙanƙara.

Laraba, 22 ga Nuwamba

Waya ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya. Ni da gurnanin injina.

Juma'a, 24 ga Nuwamba

Da safe na cire kwamfutar Onni daga rukunin da ke karɓar direba. Gwaji ne kawai, ya kamata a san abin da zai faru.

Bayan abincin rana ta kira. "Gyeong-ran-a, firintata ta yi yaji, hau ki lallashe ta."

Gyaran ba wani abu ba ne, amma na zauna har shayin sha'irinta ya ƙare. An ƙara wa mijinta kwanakin asibiti. Ta dube ni ta ce na rame. Na kusa faɗa mata zancen Janairu.

Ban mayar da kwamfutar cikin rukunin ba. Na manta ne, ina ji.