Mahaucin da Ya Some a Gadon Ba da Jini

Anti, ki cece ni, mutuncina ya zube a kasuwa.

Ni mahauci ne, tun ina yaro a cikin jini nake. Kwanakin baya matar maƙwabcina ta haihu, jini ya ɓalle mata, aka ce a nemo masu bayarwa. Na tashi da kurari, har ina yi wa telan layinmu gorin tsoron allura. To mu a sana'armu, dabbar da za a yanka ba a cika mata ciki. Sai na ce ni ma haka, jinin zai fi fita tas. Ko ruwa ban sha ba.

A asibiti da aka sa mini allura, nas ta ce in kau da kai, na ƙi. Ai dole in duba kalarsa, kada a ce na ba da kaya maras kyau. Ina ganin ledar jinin na cika, duniya ta juya. Na farka ƙafafuna a sama, tela yana yi mini fifita da hulata. Tela fa, Anti!

Yanzu ko kaza na ɗauko, sai wani ya turo mini kujera. Matata in ta ga sauro a hannuna, sai ta ruga ɗebo ruwa. Ga nas ta dame ni da waya, wai irin jinina wuyar samu gare shi. Rannan da na hango ta a layinmu, bayan wata cinyar sa da na rataye na ɓuya. Wallahi kunya ta hana ni komawa, kuma raina bai kwanta ba.

Mahauci Mai Suma

Malam Mahauci, sannu. Dariyar kasuwa da ciwo, ban musa ba. Amma kai ba sa ba ne, kuma nas ba yanka ka za ta yi ba. Yunwa da leƙe-leƙe ne suka kayar da kai, kuma mutane da yawa daga irin wannan faɗuwar farko suke gudu.

Ɗauki wayarta. Ka ci ka ƙoshi, ka sha ruwa, ka gaya mata ka taɓa suma. Ka kalli bango, duba jini aikinsu ne. In an gama kada ka zabura. Ka tafi da tela, tunda ya iya fifita, shi ma ya miƙa hannu.

Kafin nan, leƙa gidan maƙwabcinka. Matar nan da ke shanya kayan jariri, da jinin mai suma take tsaye. Allah ya ƙara lafiya.