Durom Shida a Ɗakin Sallah

Daren Talata, Jega

Na kasa cin tuwo. Da safe Alhaji, mai kamfanin takinmu, ya bugo waya cewa jami'in kashe gobara zai zo duba sito. Doka ta hana ajiye maganin feshi kusa da man janareta, mu kuwa wuri guda muke tara su. Ni ke riƙe da sito, ni na sa aka gangara da durom shida na man zuwa ɗakin sallah, muka lulluɓe da tabarmi.

Jami'in dattijo ne. Ya zagaya, na ce masa iyakar kayanmu ke nan. Da la'asar ta yi sai ya nemi wurin sallah. Na kai shi.

Ya ɗaga tabarma, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malam Umaru, nan masu gadinku ke kwana da maganin sauro a kunne, ko?"

Na ce e. Ɗayansu ma kawuna ne.

Ya rufe sito sai mun gyara. Sannan muka fita waje, ya ce in ja mu sallah. Ban taɓa jin nauyin raka'a huɗu haka ba.