Haƙori da Haƙuri

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigida da yara da jikoki. Yaya gwiwar? Ina fata kina shafa man da na aiko, ba ajiye shi kika yi a saman kabad kina yi masa kallon ado ba. Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Albishirinki, an sa haƙorin. Ƙaninki ya bi maganarki a ƙarshe, bayan ya gama zille-zillensa. Ni na raka shi, don na san in na bar shi shi kaɗai, zagaya asibitin zai yi ya dawo ya ce likita ba ya nan. Muna shiga ɗakin jira me za mu ji a lasifika? Muryarsa, yana rera "Shayinki Ya Yi Sanyi". Ashe likitan da waƙoƙinsa yake kwantar wa mutane hankali kafin ya ɗauko filaya. Da ya gane Mai Lallashi ne da kansa a kan kujerarsa, sai da ya cire safar hannu ya gaishe shi. Ya yi ta tambayarsa ko ya tabbata yana so a toshe giɓin, har na ji haushi na ce ko haya yake karɓa a wurin ne. A ƙarshe ya ce a fara da na roba, mai cirewa da sawa, in an saba sai a dasa na dindindin.

Yaya, da kin ga ɗan'uwanki. Madubin ɗakina ya zama nasa. Yana yi wa mai gadi murmushi, yana yi wa mai kawo jarida murmushi, jiya har mai duba mitar wuta ya samu rabonsa, bawan Allah ya tsorata ya tafi bai duba ba. Kin san tun ranar da kike koya masa keke kika sake shi ya je ya rungumi turken wuta haƙorin gaba ya fita, bai ƙara buɗe baki a gaban mai hoto ba. Ki duba bangon faifansa ɗaya bayan ɗaya: ko baki a tsuke, ko makirufo ya rufe rabin fuska. 'Yan jarida suna ta rubuta cewa natsuwa ce da kamun kai. Ni da ke mun san giɓi ne.

Ni dai ba zan zagi giɓin nan ba, don shi ya haɗa mu. Lokacin ina guga a ɗakin wanki na otal, shi kuma yana waƙa a ɗakin cin abinci, inda manaja ya gargaɗe shi ya rage murya kada baƙi su ƙware. A nan ya koyi wannan waƙa tasa mai sanyi, wadda yau iyaye ke lallashin jarirai da ita, masu aski ke kunnawa, masu motocin haya kuma ke hana direbobinsu saurara kada barci ya kwashe su. Ta bango nake jin wani siririn fito duk lokacin da ya zo kan "sa" ko "so", iska tana bi ta giɓin. Na ɗauka buta aka manta a kan wuta. Na fito in sauke ta, sai na tarar da wani dogo cikin kwat ɗin aro, yana waƙa ido a rufe, ba mai sauraronsa sai ni da dutsen guga a hannu. Sauran labarin kin sani, tunda ke kika dube ni daga sama har ƙasa kika ce na cika surutu.

Gidan talabijin ya shirya masa taron cika shekara arba'in da fara waƙa, a babban zaure, kuma za a ɗauka a nuna. Abin da ya sa ya yarda da haƙorin ke nan. Gobe zai shiga situdiyo da sabuwar waƙa. Mun gode da kuɗin haƙorin, Yaya, Allah ya bar zumunci. Yara suna gaisuwa, ƙaninki ma yana gaisuwa da haƙora cikakku.

Taki,
Amarya (ke kaɗai kika rage mai kirana haka, kada ki daina)

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, na ga saƙonki, na kuma ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi. Ki gaishe da maigida, ki ce masa na ji labarin ya koma shan sukari a ɓoye.

Yaya, garin neman gira muna neman rasa ido. Sabuwar waƙar ta fita, sunanta "Sassauta, Sarauniya". Ki karanta sunan da ƙarfi ki ji yawan "sa" da ke ciki, don saboda fiton nan ya tsara ta tun bara. Tun a situdiyo mai haɗa sauti ya yi ta murɗa maɓallai yana canza waya, yana cewa akwai abin da na'ura ta haɗiye. Ya sauya makirufo, ya zagi injinsa, ya ba ƙaninki haƙuri. Mai jita, wanda suke tare tun zamanin otal, ya gane tun layin farko, amma ya sunkuyar da kai ya yi ta gyaran tsirkiya.

Ranar da aka sa ta a rediyo ina kicin. Aka buɗe layi, mutane suka yi ta bugowa. Wata tsohuwa ta ce wannan ba Mai Lallashi ba ne, wani ne ke kwaikwayonsa, kuma bai iya ba. Wani tela ya ce ko dai Mai Lallashi ya rasu ne ake ɓoye musu. Wadda ta fi ba ni dariya da tausayi wata mai jego ce, ta ce ta kunna wa jaririnta, yaro ya buɗe ido ya ƙara tsala ihu. Na yi dariya har na zauna a kan buhun gawayi. Da na leƙa falo na ga fuskar ƙaninki, sai dariyar ta koma ciki.

Tun ranar ba ya waƙa ko a banɗaki. Kin san gidanmu bai taɓa yin shiru ba, yanzu har ƙarar firji nake ji. Yana zama a baranda yana taɓa haƙorin da harshe. Ya gwada yin fiton da gangan, sai ya fito kamar mai kiran kare. Makaɗansa suna zuwa gwaji suna shan shayi suna komawa. Shekaranjiya ya ce mini zai gaya wa gidan talabijin a fasa taron, wai gara mutane su riƙe muryar da suka sani da su ga tsoho yana kwaikwayon kansa. Wallahi Yaya raina ya ɓaci, kuma na ji tsoro, don mutumin nan in ya daina waƙa ban san abin da zai rage ba.

Na ce masa abin ai na cirewa ne, ya cire mana, mene ne a ciki? Nan muka saɓa, ko harshe da haƙori ma suna yi. Ya ce abu biyu ne. Na farko, ya ɗanɗana murmushi a gaban mutane, kuma masu ɗaukar talabijin ba sa barin mutum ya ɓuya a bayan makirufo, kusa suke matsowa har a ga ramin hanci. Na biyu kuma ke ce. Ya ce tun yana yaro ba ku taɓa haɗuwa kin dubi bakinsa ba ki ce masa "yi haƙuri" ba, ko ranar aurenmu sai da kika faɗa. Yanzu da kika samu kika huta, ba shi ne zai mayar miki da kayan da kika sauke ba.

Don haka na rubuto, bai sani ba. Ki sake shi, Yaya, kamar yadda kika saki keken. Kalma ɗaya daga gare ki ta fi surutuna na wata guda. In na yi shisshigi ki yafe mini, kin dai san halina tun ranar farko.

Taki kullum,
Amarya

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan kun wuni lafiya, ke da mutanen gida duka. Ina fata kin huce. Amsarki ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Kin ce haƙori ya zauna daram, masu saurare za su saba, kuma ba ki kwashe rabin rayuwarki kina ganin giɓin nan a mafarki don wata mai guga ta zo ta buɗe shi ba. Na karɓi mai gugar, gaskiya ce. Ban nuna masa takardar ba. Tunda gwiwa ta hana ki zuwa, kuma ranar Asabar za a nuna taron a talabijin, gara ki ji daga bakina kafin ki gani.

Bai fasa ba, don mai jita ya ce in ya fasa zai zo ya tare a barandarmu har abada. Da yamma aka yi. Zaure ya cika maƙil, yawanci masu furfura irinmu, wasu da 'ya'yansu, wasu da tsofaffin faifai a hannu. Na hango likitan haƙori a layi na uku, ya sha kwat. Ni aka zaunar da ni a gaba, cikin takalmin da ya matse ni tun daga gida.

Ya fito cikin fararen kaya, ya yi musu murmushi, zaure ya ɗauki tafi, don ba su taɓa ganin haƙoransa ba. Ya fara da "Shayinki Ya Yi Sanyi". Muryar nan tana nan, lallausa, ba abin da ya same ta. Amma da ya iso kan "sanyi", inda kowa ya saba jin fiton, sai na ga kawuna sun ɗan karkato suna jira, ba abin da ya zo. Aka yi tafi irin na ladabi. A baiti na biyu, da ya sake isowa wurin, wani dattijo a baya ya yi masa fiton. A na uku rabin zauren ne suka yi, a hankali, ba da ba'a ba, kamar masu taya mutum ɗaukar kaya. Yaya, hawaye suka zubo mini, kwalli ya ɓaci.

Sai ya ɗaga wa makaɗa hannu suka tsaya. Na fara karanto addu'a. Sannan ya juya baya, ya ciro hankici, ya yi abin da zai yi, ya tako bakin dandamali ya miƙo mini ƙullin. Na karɓa na jefa a jaka. Ya juyo ga masu ɗaukar hoto, ya janye makirufo gefe, ya wage baki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Giɓi ya bayyana, ƙato, a gaban duniya. Aka fashe da dariya da tafi, mutane suka miƙe tsaye. Likitan haƙori ya fi kowa tafi, ban taɓa ganin mutumin da ya yi murnar lalacewar aikinsa haka ba.

Da aka natsa ya yi magana, kuma na riƙe ta kalma da kalma saboda ke. Ya ce: "Wannan fiton da kuke so, ba ni na yi shi ba. Yayata ce ta yi mini shi da keke. Tun ina yaro take ba ni haƙuri, bana kuma ta ba ni haƙori. Ni kuwa ban taɓa ce mata na gode ba. Yaya, da kin riƙe keken nan, da har yau ina otal ina rage murya."

Daga nan ya rera "Sassauta, Sarauniya", ya ce taki ce. Fito ya dawo wurinsa, kowane "sa" da nasa. Wata mata kusa da ni ta kwantar da kai a kafaɗar mijinta, kafin a kai ƙarshe mijin ya yi barci, wanda a wurin ƙaninki ya fi lambar yabo. A hanyar gida ya yi ta waƙa a mota, yana yi wa masu tsallaka titi murmushi da giɓinsa.

Haƙorin yana nan a kofi a kan teburin madubi, na wanke shi tas. Bai yar ba, ya ce kyautar Yaya ba a yar da ita. Ƙarshen wata muna nan tafe, kuma zai sa shi tun daga tasha don ya gaishe ki da baki cikakke, ki more kallo. Amma ya ce in sanar da ke sharaɗi guda: ranar da kika ƙara ce masa "yi haƙuri", a gabanki zai cire ya ɗora miki a tafin hannu.

Ranar Asabar ki zauna kusa da talabijin, ki ajiye hankici a cinya. In kin yi kuka kada ki ce ban gaya miki ba. A gaishe da maigida da yara da jikoki. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki, mai guga,
Amarya