Gilashin da Nake Mantawa a Gida

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinki, yaya maigidan da yara? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ke ta ƙorafinta.

Albishirinki! Jiya 'yarki, Sarkin Surutu, ta tsaya gaban allo.

Kin san tun ranar da hannunta ya kama rawa a aji, alli ya faɗi, ɗalibai suka yi dariya ta gudo, wata uku ke nan tana ƙunshe a ɗakin baya. Har takardar barin aiki ta rubuta. Dogon sunan nan da likita ya ba ciwon kuwa ta riƙe shi kamar sunan yanka. Ban raina likita ba, tana zuwa ganinsa. Amma abin da na gani a idonta na san shi, kunya ce.

Sai na gaya mata abin da ko ke ba ki sani ba. Shekara talatin ina kafinta ban iya karatu ba. Na sayi gilashi musamman don in riƙa cewa na manta shi a gida duk ran da aka miƙo mini takarda. Idona garau! Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ashe kakanta tsohon ɗan damfara ne.

Na lallaɓa ta zuwa ajinmu na yaƙi da jahilci na yamma ta koyar da mu, da yake malaminmu ya yi tafiya. Na ce kada ta ɓoye komai. Ta miƙe, ta gaya wa tsofaffi goma sha ɗaya cewa hannunta na rawa, kuma kunya take ji. Wani mai walda a cikinmu ya ɗaga nasa hannun, ya ce nasa ya fara rawa tun ba a haifi uwarta ba, ta yi ta kanta. Allin ya faɗi sau biyu. Ta duƙa ta ɗauka, ta ci gaba.

Don Allah in kin kira ta, kada ki tambaye ta ko ta warke. Hannun bai daina ba. Ki dai aiko mata da takalman aikinta, ranar Litinin za ta koma makarantarsu.

Ki gaida kowa da kowa.

Mahaifinki,
Baba Kafinta