Shaihin da Ba Shaihi Ba

Tudun Wada, Gusau,
Ranar Talata.

Zuwa ga ƙanena Abdulaziz,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Amina da yara, Ya kuma ba marasa lafiyar da kake yi wa tafinta a asibitocin Delhi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna tana Bungudu, gwiwar ce dai ke taɓa ta idan an yi ruwa, amma bakin nan nata ko gezau, jiya ma ta aiko a gaya mini na rame. Damina ta yi kyau a Kekun Waje, gero ya fara fid da kai, Allah Ya ba mu ikon girbewa lafiya. Uwargida Rabi tana gaishe ka, ta ce yajin da ke cikin ƙullin nan na Amina ne, kada ka kuskura ka taɓa.

Za ka yi mamakin ganin rubutuna, ni da rabona da doguwar takarda tun jarrabawar aji biyar da ta raba ni da boko. Kai ka ja. Sau tara na kira ka a makon nan, wayar ta yi ta kuka har ta gaji. Na tura saƙon murya, ga alama ka saurara, ka yi gum. Da na ji maƙwabcinmu Lawali zai kawo mahaifiyarsa asibiti can Delhi jibi, sai na ce bari in bi ka da biro, in ga ko takarda ma kashe ta ake yi. Inda ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da almakashi.

Maganar ɗiyarka ce, wato Muzdalifa ta wajena. Ka san tana shekarar ƙarshe a jami'a, sashen nazarin addinai. Da ta zo hutu ta iske ni a shago ina kan keke, ina haɗa wata babbar riga, ta durƙusa ta ce tana da albishir. Wai binciken da take yi na kammala karatu a kan littafin wasu mutane ne, kuma wata ƙungiyar masana a can Indiya ta karanta abin da ta rubuta, ta gayyace ta mako shida tare da ɗalibai daga ƙasashe daban-daban. Ita dai ta rantse cewa ta yi littafin Sikh. Ni kuwa, keke na ƙara, kunne na shekara hamsin da takwas, abin da na ji shi ne littafin Shaikh. Ta miƙo mini takardar gayyatar, sai ga hoton wani dattijo a sama, farin gemu har ƙirji, rawani shuɗi an naɗa shi tsaf. To, Abdulaziz, don Allah wane ɗan Zamfara ne zai ga wannan ya tsaya tambaya? Ta ce ta ci gaba da yi mini bayani, kuma na yi ta gyaɗa kai. Gaskiya ne na gyaɗa, amma a lokacin lissafi nake yi wa zan fara gaya wa.

Washegari na kai hoton aka faɗaɗa shi, aka sa masa gilashi, na kafa ƙusa na rataya shi a bisa kekena. Na gaya wa 'yan majalisar ƙofar masallaci cewa wani babban Shaihi na Indiya ya aiko takanas a kai masa ɗiyata ta ɗauki karatu. Da suka tambayi ɗariƙarsa, sai na ce ai irin waɗannan manyan ba su bayyana kansu. Tsohuwa Ladidi mai fura ta shigo ta shafa gilashin ta shafe fuska. Yaya Attahiru da kansa ya taso daga Bungudu, ya tsaya gaban hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya ce akwai haske a fuskar wannan bawan Allah. Ka riƙe wannan magana, za mu dawo kanta. A wurin sunan ɗan Husaina a Tsafe kuwa, Yaya tashi ya yi gaban jama'a ya ce Allah Ya buɗe wa gidanmu ƙofar ilimi daga gabas. Mako uku cur muna cikin wannan daɗi.

Ranar da abin ya fashe, Malam Zaharaddeen ne ya zo karɓar rigarsa, wanda ya kai babansa aikin ido can wajenku bara. Ya ɗaga kai ya ga hoton, ya tambaye ni tun yaushe na fara hulɗa da 'yan Sikh. Na gyara masa na ce Shaikh ake cewa. Ya ce a'a, Sikh, direban tasin da ya yi ta yawo da su ma irin wannan rawanin ne da shi, kuma su ba Musulmi ba ne, ba Hindu ba ne, addininsu daban. Mutum biyar ne a shagon, har da abokin Yaya. Ni dai ban san lokacin da allura ta shige mini yatsa ba. Shekara talatin da ɗoriya ina sana'ar tufafi, na yi wa limamai da hakimai ɗinki, amma ban lura rawanin nan ba shi da amawali ba, kuma gabansa a tsuke yake kamar bakin kwalekwale. Tun daga ranar 'yan majalisa suka naɗa ni Muƙaddami. Ko yara idan sun zo karɓar ɗinki sai su ce a gaishe da Muƙaddami. Ladidi kuma ta ce in biya ta albarkar da ta shafa.

A nan ne nake jin haushinka. Shekara tara kana ƙasar nan. Ka ba mu labarin shanu a tsakiyar titi, ka ba mu labarin barkono, ka ba mu labarin odar motoci da ke hana mutum jin kiran salla, amma ko sau ɗaya ba ka taɓa cewa akwai masu gemu da rawani da ba malamanmu ba. Da ka faɗa, da yanzu ina tafiya a Tudun Wada da hulata a daidai.

Na koma gida ina huci, na ce wa Muzdalifa ta yaudare ni. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ɗauko kujera ta ce in zauna, wannan karon kuma ba keke. Ta ce kalmar Sikh ma'anarta ɗalibi, mai neman sani. Ka ji fa, mutum ya kai shekara saba'in yana kiran kansa ɗalibi, ni kuma da aji biyar na zo na yi masa ƙarin girma. Ta ce mutanen yankin Punjab ne, addinin ya haura shekara ɗari biyar, Ubangiji ɗaya suke kira, ba su da gumaka. Malamansu goma suka yi, daga nan aka ce littafin ne zai zama malami, shi ya sa suke ɗora shi a kan gado mai rumfa, su lulluɓe shi da ƙyalle mai kyau, ana yi masa fifita. Wai shafi dubu da ɗari huɗu da talatin ne, baitoci ne da ake rerawa. Ta nuna mini rubutun da ta koya da kanta a waya, haruffan duk a rataye jikin layi kamar an shanya wanki a igiya. Sai kuma ta gaya mini abin da ya sa na ɗan sami numfashi. A cikin littafin akwai baitocin wani Shaihi Musulmi da ya rayu tun kafin su, suka ɗauka suka adana tare da nasu, kuma a kan waɗannan baitocin take bincikenta. To ka ga ashe ban faɗi jarrabawar duka ba. Akwai Shaihi a maganar, sai dai ba shi na rataya ba.

Na tambaye ta abin da ke ci mini rai, ko wannan karatu zai taɓa mata addini. Ranta ya ɓaci, na gani a idonta. Ta ce malamanmu na da sun rubuta littattafai a kan abin da wasu al'ummu suka yi imani da shi, ba wanda ya ce sun bar Musulunci. Ta ce su masu gayyatar ba su nemi kowa ya bi su ba, so suke ɗalibai su karanci littafinsu da ilimi da hujja, maimakon a yi ta faɗin abin da aka ji a bakin hanya. Da ta ce bakin hanya sai ta dube ni, na dubi ƙasa. Ban gane rabin bayanin ba, amma na san ɗiyata. Ita ce ta sauke tun tana shekara goma sha uku, kuma har yau idan tana gida ita ke ƙwanƙwasa mini ƙofa da asuba.

Yaya Attahiru kuwa ya hau sama. Ya ce na mai da shi abin dariya a Tsafe, ya ce bokon yarinyar ya wuce gona, ta canza abin da take bincike, tafiya kuma babu ita. Ya ce ranar da na sa hannu a takardar amincewa da tafiyar, ƙafarsa ta bar gidana. Ni kuma ka san bakina, maimakon in yi shiru sai na tuna masa cewa ba ni na ga haske a fuskar mutumin ba. Da ba don Inna na wurin ba, da sandarsa ta gaisa da ƙeyata. Ni na san ba addini ne kaɗai ke damunsa ba, kunya ce, irin wadda ke damuna. Amma kunyar tsofaffi biyu ce za ta cinye wa yarinya abin da ta yi shekara huɗu tana wahala a kai? Inna ce ta raba mu. Ta ce tunda Abdulaziz yana can yana ganinsu da idonsa, a bari ya yi magana. Yaya ya ce ya yarda, idan ka faɗa masa da bakinka cewa kai za ka tarbe ta, ka kai ta, ka dawo da ita, to ya janye. Ya faɗi haka ne yana murmushi, don ya san ba ka ɗaukar waya.

Ga abin da nake so. Takardar amincewa tana cikin ambulan ɗin nan, kuma dole ta isa hannunsu kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a ba wani gurbin. Muzdalifa ta daina tambayata, kullum sai dai in ga ta dubi kalanda ta kau da kai, wannan kuwa ya fi tambayar ciwo. Ban ce ka yarda da maganata ba, mutumin da ya rataya ɗalibi ya ce Shaihi ne bai cancanci a yarda da shi ba. Ka je wurin da aka gayyace ta da kanka ka gani, an ce tafiyar jirgin ƙasa ce daga inda kake. An kuma ce duk wanda ya shiga wurin ibadarsu sai an ba shi abinci, ba a tambayar addininsa, kai kuwa ban taɓa jin ka ƙi gayyar abinci ba. Ka dubi masaukin ɗalibai mata, ka tambayi inda za ta yi salla. Idan ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka gaya mini, ni da kaina zan ba ta haƙuri. Idan kuma ba ka gani ba, ka kira Yaya ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin ya ci ya ƙoshi.

Ka san abin da ya fitar da ni daga makaranta. Ba talauci ba ne, Baba ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Idan ban gane karatu ba sai in yi barkwanci a yi dariya, don kada a ce Arzika ya yi tambaya. Ga shi har da furfura ban daina ba, kalma ɗaya na ji ban tambaya ba ta kai ni inda ta kai ni. Allah Ya ba ni ɗiya mai tambaya, ba zan zama ni ne na rufe mata baki ba. Layi biyu ne a ƙasan takardar, na uba da na wanda zai tarbe ta. Na cike nawa. Sai da na gwada sau shida a littafin awo kafin in sa a kan ta gaske, kuma Yaya bai sani ba tukuna. Na ƙasan naka ne, har na ɗiga maka alama da alli don kada ka ce ba ka gani ba.

Hoton kuwa na sauke shi kwana biyu, sai na ga bangon ya yi mini fayau, na mai da shi. Yanzu duk wanda ya tambaye ni wane ne, sai in ce wani ɗalibi ne, shekararsa saba'in bai gama ba.

Ka gaishe mini da Amina, da Haidar, da Nana Khadija, ka ce mata Baba Arzika yana nan da alkawarin rigar salla. Rabi da Anas da Zuwaira duk suna gaisuwa. Inna ta ce ka ji tsoron Allah ka riƙa ɗaukar waya. Ka taimaka wa Lawali da tsohuwarsa yadda ka saba. Allah Ya tsare ku, Ya dawo mana da ku lafiya, amin.

Ni ne yayanka mai jiran ƙarar waya,
Arzika Tela,
wanda idan ka zo nemansa a Tudun Wada sai ka ce Muƙaddami.