Wata Biyar Ina Karanta wa Umma Saƙon Mamaci

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin kowa ya zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe. Zagin da za ku yi mini bai kai wanda nake yi wa kaina kullum ba. Idan kun ga magana ta hau kan magana ku yi haƙuri.

Shekarata ashirin da biyu, a cikin gari muke, wajen Ƙofar Na'isa. Na gama sakandare ban ci gaba ba saboda jinyar mahaifiyata. Mu biyu ne gare ta, Yayana da ni, Babanmu ya rasu ina aji uku. Shekara biyu ke nan Umma tana fama da wani irin hawan jini da ban taɓa jin labarinsa ba sai a kanta. Ranar da ya fara, da hantsi ne, tana zaune a tsakar gida tana ɗinkin hula, babu wanda ya ɓata mata rai, sai kawai ta ajiye allura ta dafe kai. Kafin in taso gumi ya jiƙa mata riga kamar an kwara mata ruwa, jikinta na kyarma, bugun ƙirjinta har ana gani ta saman riga, ta ce mini, "Riƙe ni, tafiya zan yi." Mai kemis na bakin layinmu ya auna jininta ya ga ɗari biyu da ashirin, ya ce mu wuce asibiti yanzu yanzu. Amma kafin layi ya zo kanmu jinin ya sauka kamar ba a yi ba, har nas ta harare mu ta ce mun cika zuzuta abu. Haka ya ci gaba. Wani lokaci sau biyu a sati, wani lokaci sai a yi wata bai zo ba. In ya zo ya yi rabin awa ko awa uku, ya tafi ya bar ta kwance kamar an yi mata duka, sai washegari take iya ɗaga tsintsiya.

Maƙwabta suka ce iska ce, wasu suka ce sammu, an kawo zoɓo babu sukari, an kawo tafarnuwa, an yi tofi. Daga baya muka samu wani likita a babban asibiti ya ce akwai wani ƙari da ke fitowa a saman ƙoda mai sa irin wannan, sai an bincika. Aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka ba mu galan aka ce ta tara fitsarin kwana guda cur. Babu ƙari, babu komai. Umma da ba ta rasa abin faɗa ta ce, "Galan guda na kai musu suka ce ba su ga komai ba, to su dawo mini da kayana mana." Likitan ya rubuta mini sunan ciwon a bayan kati, pseudopheochromocytoma, ya ce ciwo ne mai kwaikwayon wancan ƙarin, alhali babu shi. Ya ba ta ƙwaya ɗaya ta kullum, da wata da za a ba ta idan abin ya taso, ya ce kada mu kuskura mu ƙara mata maganin hawan jini da kanmu, don tsakanin tasowa da tasowa jininta daidai yake, in aka danne shi jiri zai kayar da ita. Muka sayi abin awon jini. Ni ce mai ɗaura shi, ni ce mai rubuta abin da ya nuna, ni ce mai riƙe mata hannu in ce ta ja numfashi a hankali har ya wuce. Ya kuma tambaye ta, "Hajiya, akwai abin da ya taɓa samun ki kika haɗiye ba ki yi kuka ba?" Ta ce, "Likita, wa ya shekara hamsin a duniya bai haɗiyi abu ba?" Da ya ce zai haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa, ta gyara mayafi ta ce, "Jini na kawo maka, ban kawo maka kai ba."

Da muka dawo gida Kawu, ƙanin Umma, ya tara mu ya ce, "Daga yau kada wanda ya sake ya kai mata labarin tashin hankali. Wanda ya tayar mata da jini ya kashe ta, shi da Allah." Ba likita ne ya faɗi haka ba, mu muka yanke, don abin da muka sani game da mai hawan jini ke nan. Ko rasuwa aka yi a unguwa sai an yi kwana biyu ake lallaɓawa a gaya mata. Ni kuwa na riƙe maganar Kawu kamar aya.

Yanzu ga laifina. Yayana shekara uku ke nan yana can cikin saharar Nijar wajen haƙar zinare. Wurin babu sabis, sai in sun fito gari yake turo saƙon murya a wayata, wani lokaci sai a yi wata biyu shiru. Shi ne ɗan fari, kuma Umma irin mutanen da ne, tana yi masa alkunya. Tun da nake ban taɓa jin ta kira sunansa ba, "yaron nan" take cewa, ko "wancan". Ba ta tambayarsa kai tsaye, ba ta karɓar waya su yi hira, in na kunna saƙonsa sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsintar shinkafa kamar ba ta ji, in ya ƙare ta ce, "Ce masa ya riƙa salla a kan lokaci." Wata biyar da suka wuce, da la'asar, muna asibiti, abin ya taso mata da ƙarfi irin wanda bai taɓa yi ba, an kwantar da ita, sai ga kira da baƙuwar lamba. Na fita baranda na ɗauka. Abokin Yaya ne, da suke aiki tare. Ya ce rami ya rufta da su, an zaro Yaya da rai amma bai kai magariba ba, sun yi masa sutura sun binne shi a can tun kwana uku. Ya ce, "Ki gaya wa manya." Na ce to. Na koma ɗaki, na tarar da nas tana cewa jinin ya fara sauka, Umma ta buɗe ido ta ce, "Wa ya kira ki?" Na ce ƙawata ce.

Wallahi Anti niyyata kwana biyu ce. Na ce bari a sallame ta. Da aka sallame ta na ce bari ta ɗan yi ƙarfi. Na so in gaya wa Kawu, amma na san shi, fuskarsa ba ta riƙe magana, ranar da ya ji ranar Umma za ta gane. Sati ya zama wata. Kuma alkunyar nan ita ta share mini hanya, tunda ba za ta taɓa cewa a kira mata shi ta ji muryarsa ba. Da shirun ya yi yawa ta fara cewa, "Wayar taki ta lalace ne?" Na gane abin da take nufi. Sai na ce ai ya turo saƙo a rubuce, na ɗaga waya ina kallon fuskar da babu komai a kai, na karanta mata daga kaina: yana lafiya, aiki ya yi yawa, yana gaida Umma, a sa shi a addu'a. Sau shida na yi haka. Da ƙaramar salla na kunna mata tsohon saƙonsa na bara, na barka da salla, kamar sabo ne. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "Muryarsa ta yi kyau, da alama yana cin abinci." Wane irin mutum ne yake yin haka? Ni da na tashi ban iya yi mata ƙaryar canjin cefane ba, yaushe na zama haka? Ta taɓa yin dambun nama ta ƙulle da yaji ta ce in kai tasha in ba masu tafiya can, ba ta ce na wane ne ba. Na fita da shi na yi ta yawo a rana har Ƙofar Ruwa, na miƙa wa wata tsohuwa a bakin hanya, na dawo na ce an karɓa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne addu'a. Kullum bayan asuba ina jin ta tana cewa Allah ya tsare na nesa, ya dawo da shi lafiya. Wata biyar uwa tana roƙa wa ɗanta dawowa lafiya, shi kuwa yana kabari yana jiran ta ce Allah ya jiƙansa. Babu zaman makoki, babu sadaka, babu wanda ya yi masa addu'a a masallacin unguwarmu inda ya yi karatun allo. Ni kaɗai nake yi a ɓoye, kuma addu'ar maƙaryaciya ina za ta?

Kuma duk wannan ɓoyon bai hana ciwon komai ba. Cikin watannin nan ya taso ya fi sau goma, tana dariya ma ya taɓa tasowa. Ranar da muka koma ganin likita na bari Umma ta fita, na tambaye shi, "Likita, idan aka gaya mata mummunan labari zai iya kashe ta?" Ya dube ni ya ce, "Wa ya ce muku labari ne ke tayar da shi? Wannan ba ya jiran dalili. Sau da yawa ma a wurin masu haɗiye abu ake ganin sa, waɗanda kowa ke yabo da haƙuri. Ba zan ce miki jininta ba zai hau ba, amma idan akwai magana ku kawo ta nan, ki zo da babba, a faɗa mata a gabana." Na ce babu komai, tambaya ce kawai. Na fito na bi bayan Umma. Ashe katangar da na gina ba ta kare ta daga komai ba? Ashe kukan da na hana ta, wataƙila shi ne abin da jikinta ke nema tun rasuwar Baba, da aka yi ta yabon ta don ko hawaye ba ta yi ba?

Shekaranjiya na ɗaura niyya. Na ajiye ƙwayar da ruwa kusa, na ɗauko abin awo na sa a cinya, na zauna gabanta. Ta ce, "Yau kuma likitar gida lafiyayyu ake aunawa? Ko miji kika samo kike jin kunyar faɗa?" Na buɗe baki ke nan, ban ce komai ba, sai na ga gumi ya tsatso mata a goshi. Ya taso. Ɗari biyu da talatin. Tana kyarma ta damƙe hannuna, ta kira sunan Yaya, sunansa na yanka, sau biyu, ta ce, "In na tafi ki ce masa ban taɓa ƙin sa ba, kunya ce." Da ya lafa ta kau da kai kamar ba ta faɗa ba. Ni kuma na naɗe abin awo na ajiye. Ta yaya zan faɗa a wannan lokacin? Kuma wani lokaci zuciyata tana ce mini ta sani, ko tana zargi, tana jira ne in faɗa, ni ina jiran ta tambaya, alhali ba za ta taɓa tambaya ba.

Jiya abokin Yaya ya sake kira. Ya shigo ƙasar, ranar Juma'a zai zo Kano da jakar Yaya da wayarsa, zai yi wa Umma ta'aziyya. Shi a saninsa an daɗe da share makoki. Na roƙe shi ya ba ni kayan a waje, ya ce a'a, Yaya kafin ya cika ya ba shi saƙo ya ce a kunnen Umma kaɗai zai faɗa, kuma ya yi masa alkawari. Ba zan iya hana shi ba, ban ma da bakin hana shi.

In na bari ya zo, za ta ji mutuwar ɗanta da ƙaryar 'yarta a zama ɗaya, daga bakin baƙo. In na faɗa wa Kawu mu kai ta asibiti, dole in tsaya a gabansa in ce wata biyar. In jinin ya hau bai sauko ba, ni na kashe ta. In ya sauko, ni ce dai zan ci gaba da ɗaura mata abin awo ina ce mata ta kwantar da hankalinta babu komai, kuma da wane kunne za ta sake jin wannan kalma daga bakina? Ba ta da kowa sai ni yanzu, ita ce kawai ba ta sani ba.

Don girman Allah, iyaye mata da ke cikin nan, da duk wanda ya san wannan ciwo, ku ba ni amsa kafin Juma'a. Yau Litinin. Me zan yi?